Daga Ƙasar La'asar Zuwa Ƙarƙashin Taurari

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa duniyoyi ya rataye ranaku, ya ba wasu bayinsa dare da yini, ya ba wasu yini kawai. Ya kai mai sauraro, ko a wace duniya labarin nan ya riske ka, ka ba ni kunnenka. Ni ce Tabawa 'yar Mati, tela a garin Bakin Inuwa, kuma abin da zan faɗa maka ƙafata ta taka shi, idona ya gan shi.

Duniyarmu ba ta juyawa kamar wadda kakanninmu suka baro lokacin da suka taso a cikin kumbon sararin samaniya. Fuska ɗaya ta ba rana har abada. Gefen da ke kallon rana muna ce masa Azahar, ƙasa ce mai narka ƙarfe. Gefen da ya ba ta baya muna ce masa Isha, babu komai sai duhu da ƙanƙara. Mu muna tsakani, a La'asar, inda rana ke tsaye wuri ɗaya a gefen sama tun kafin a haife ni. Agogo ke gaya mana lokacin salla da lokacin barci. Inuwar gidanmu tana nan inda kakata ta bar ta. A duk garinmu babu mai rai da ya taɓa ganin tauraro.

Ni da yayana Nomau mun tashi da wata ɗabi'a da mutane ke yi wa dariya. Shi ma'aikacin rabon ruwa ne a gonakin gari, amma da zarar ya tashi daga aiki sai ya shige ɗakinsa na bayan gida, ya zauna yana goge gilashi da yashi mai laushi. Madubin hangen nesa yake haɗawa. Idan hannunsa ya gaji sai ya ɗauko tsofaffin littattafan ƙage na mutanen da, masu labarin jiragen da ke ratsa sararin samaniya da biranen da aka gina a kan wata, ya karanta mini da ƙarfi ina ɗinki. Ni kuwa abin da ya ɗauke mini hankali shi ne iska. A wurinmu iska ba ta sauya hanya, kullum daga Isha take busowa zuwa Azahar. Na ƙera amalanke mai tayoyi masu faɗi, na kafa masa sanda, na ɗinka masa tampol mai kama iska. Ranar hutu ina tsere da shi a filin bayan gari har gyalena ya tashi.

Maƙwabta sukan leƙo su ce wa Yaya, "Malam Nomau, me kake hange a saman da babu komai?" Ya yi murmushi ya ce, "Akwai komai, haske ne ya rufe shi."

Ana nan sai idonsa ya fara dushewa. Da farko gefe-gefe ne ya daina gani, kamar mai leƙe ta bututu, bututun kuma yana ta tsukewa. Likita ya duba ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa, babu abin da za a iya yi, kuma ragowar ganin ba zai daɗe ba.

Bai yi kuka ba. Ya koma ɗakinsa ya haɗa wani ɗan akwati mai ƙaras-ƙaras, wanda idan ƙarar ta bugi bango sai ta dawo masa a kunne, ya san inda bangon yake. Da shi yake zuwa masallaci. Wata rana na kai masa abinci, na tarar yana shafa madubinsa da ya gama haɗawa.

Ya ce, "Tabawa, amalanken nan naki zai iya tafiya gaba da iska?"

Na ce, "Zai iya, Yaya, idan ana karkacewa dama da hagu. Sai dai da wahala."

Ya ce, "Ina so in ga tauraro. Ko ɗaya ne."

Matarsa Barmani tana bakin ƙofa, ta ji. Na ɗauka za ta hana. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juyo gare ni ta ce, "Tun ina amarya nake jin zancen taurarin nan. Ki kai shi. Amma ki dawo mini da shi, Tabawa." Ita ta soya mana nama, ta daka mana garin dawa, ta naɗe madubin a cikin bargon aurenta.

Muka fita ta ƙofar gari mai kallon Isha, muka faɗa Fagen Gishiri, fili fari fat wanda ido ba ya ganin ƙarshensa. Iska na dukan fuskarmu. Ina jan igiya mu karkata dama, in sake ja mu karkata hagu, muna tafiyar maciji. Muka yi barci muka tashi, muka sake barci muka sake tashi, har na daina lissafi.

A nan na ga abin mamaki na farko. Na waiwaya sai na ga rana ba ta inda na san ta. Ta sauko. Abin da na ɗauka an kafe shi da ƙusa tun farkon halitta, ga shi yana zamewa ƙasa da kowane zangon da muka ci. Inuwar amalankenmu ta yi ta tsawo har ta zama kamar hanya a gabanmu. Ranar ta yi ja, ta kumbura, ta zauna a kan gishiri kamar garwashi a faranti, kuma a karo na farko a rayuwata na dube ta ido da ido ba ta kashe mini gani ba. Na tsayar da amalanke, na juya kan Yaya da hannuna har ta shiga ɗan bututun ganinsa.

Ya ce, "To wannan ita ce faɗuwar rana da littattafai ke faɗa. Ashe ba su ƙara gishiri ba."

Bayan gishiri muka shiga ƙasar Magariba. Dajinta baƙi ne. Itatuwan dogaye, ganyensu baƙi wuluk mai faɗin tabarma, kuma dukkansu sun rusuna wajen rana kamar jama'a a sahu. Babu kukan tsuntsu, sai gurnanin iska a cikin rassa. A ƙarshen dajin muka ga hayaƙi, muka tarar da wani dattijo mai suna Jatau yana kiwon wasu dabbobi masu dogon gashi, kowace ta fi bukka girma, idanunsu kamar akushi. Shi ne mutum na ƙarshe kafin duhu.

Ya shimfiɗa mana buzu, ya ba mu madara mai ɗumi. Da ya ji inda muka nufa sai ya ajiye ƙwaryarsa.

Ya ce, "'Ya'yana, ni ma ban taɓa ganin abin da kuke nema ba. Gajimare ne ya rufe saman Isha, iyakar inda na taɓa kaiwa. Ko yana yayewa a can gaba, Allah ne masani."

Yaya ya ce, "Baba, hanya fa?"

Ya ce, "Kwazazzabo ɗaya ne ya ratsa duwatsun can. A cikinsa akwai wasu masu fiffike, muna ce musu 'yan walƙiya. Haske ne abincinsu. Duk abin da ya haskaka sai sun faɗa masa, su yayyage shi da abin da ke riƙe da shi. Na rasa dabba a can saboda ƙyallin ƙararrawar wuyanta."

Ya ba mu riguna na fatar dabbobinsa, masu kauri da wari, ya ce mu rufe jiki duka har hannu. Ya raka mu bakin dutse yana yi mana addu'a.

Muka shiga kwazazzabon. Jan hasken da ke bayanmu ya yi ta raguwa har ya ƙare. Ban taɓa sanin duhu ba sai ran nan. A gida idan mutum ya rufe taga zai ga haske ta ƙasan ƙofa. Wannan kuwa kamar an zuba mini tawada a ido. Na ɗaga hannuna ban gan shi ba. Hanyar ga ƙunci, ga duwatsu, dole na kunna ƙaramar tocila na rufe bakinta da tsumma, ina haska gaban tayoyi kawai.

Ba mu yi nisa ba sai bangon dutsen ya farka. Ɗigo-ɗigon haske kore da shuɗi suka kunnu a dama da hagu, tun daga ƙasa har inda wuya ba ya iya ɗagawa. Suka saki dutsen suka tashi gaba ɗaya. Kowane ɗaya faɗin fiffikensa ya kai zanin ɗaurawa, jikinsa na walƙiya yana mutuwa yana kunnuwa. Suka yi ta juyawa a kanmu kamar an kaɗa wuta a cikin ruwa. Wallahi da ban san abin da suke nema ba da na tsaya kallo. Ɗaya ya sauko ya tsaga mana tampol da farce, na ji ƙarar yagewar har cikin haƙorina.

Yaya ya ce, "Kada ki kashe tocilan. Sun riga sun san inda muke. Ki ba su ita."

Na gane nufinsa. Na yanki wani ƙyalle daga ragowar tampol, na gicciya masa sanduna biyu marasa nauyi, na ɗaure tocilan a tsakiya, na cire tsumman bakinta, na ɗaga sama na saki. Iska ta fizge shi ta yi baya da shi wajen Magariba. Duk taron suka juya suka bi shi, kogin haske guda, suna ta kuka siriri har suka ɓace a kwana.

Muka rage a cikin baƙin duhu. Na ce, "Yaya, ba na ganin komai. Ba zan iya tuƙi ba."

Na ji ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Yau kin zo garinmu. Riƙe igiya, ni zan gaya miki hanya."

Ya kunna akwatinsa, ya sa abin ji a kunne. Ƙaras, ƙaras, ƙaras. "Dama kaɗan. Tsaya haka. Akwai dutse a hagu, ja sosai. Saki." Ni mai ido na zama hannu kawai, shi ya zama idon. Haka ya fitar da mu daga kwazazzabon, ko taya ba mu buga ba.

Muka fito wani fili na ƙanƙara. Sanyinsa ya wuce misali, numfashi na daskarewa a bakin mayafi. Na ɗinke tampol da lalube, yatsuna kamar ba nawa ba. Na ɗaga kai, babu komai a sama, gajimare ne baƙi a kan baƙi. Yaya ya tambaye ni, "Akwai wani abu?" Na ce, "Tukuna." Ya yi ta tambaya a kowane zango, ni kuma ina ba shi amsa ɗaya, har ya daina tambaya. Guzurinmu ya yi ƙasa. Na lura kuma ko na kunna ashana a gabansa sai ya yi ta neman inda take.

Sai muka fara jin ƙasa na rawa. Dum, shiru, dum. Muka hau wani tudu, na hango jajayen fitilu suna tafiya a sama cikin hazo. Da muka matsa na ga abin da ke ɗauke da su, sai igiya ta kuɓuce mini.

Injuna ne masu siffar mutane, kowane ya fi hasumiyar masallacin Juma'a tsawo. Suna tsaye a gindin wani bangon ƙanƙara wanda ba a ganin samansa. Wani na yanka da zarto mai tsawon titi, wani na ɗauka, wani na ɗorawa a kan wata gangara mai santsi da ta miƙe ta nufi wajen rana. Ƙanƙarar na sulalewa a kanta guda bayan guda. Jikinsu ya yi tsatsa, wani hannunsa ɗaya ya karye, amma aiki suke yi a natse, babu mai sa su, babu mai kallonsu.

Na kwatanta wa Yaya. Ya kama hannuna ya matse. Ya ce, "Tabawa, koginmu ne. Wannan ƙanƙarar ce ke narkewa ta zama ruwan da nake rabawa a gonaki. Kakanninmu ne suka kafa su. Duk shekarun nan muna cewa daga duwatsu yake ɓuɓɓugowa."

Bai rufe baki ba sai wani hannun ƙarfe ya sauko daga hazo ya dunƙule mu, mu da amalanke, ya ɗaga sama. Katako ya fara ƙara. Na leƙa ƙasa na ga gangarar tana matsowa, manyan ƙanƙara na gwabzawa a kanta suna niƙe duk abin da ya shiga tsakaninsu. Na yi ihu, na buga ƙarfen da sanda. Ko gezau.

Yaya ya ce, "Ya ɗauka mu ƙanƙara ne. Rigunan Baba Jatau sun ɓoye ɗuminmu. Wanda ya ƙera abu irin wannan ba zai bar shi ba tare da hanyar gane mai rai ba. Duba yatsunsa, akwai wani wuri da ya bambanta?"

A hasken jar fitilar na ga wani baƙin faifai mai sulɓi a cikin babban yatsan. Na cire safar fata, na miƙa hannu na manna tafina a kai. Sanyin ya cije ni kamar wuta. Na ji fatar ta kama ƙarfen, amma ban janye ba.

Hannun ya tsaya cak. Zarto ya yi shiru. Duk injunan da ke filin suka daina motsi, suka juyo da fitilunsu wajenmu. Sai wata murya ta fito daga ƙirjin wanda ke riƙe da mu, mai zurfi, da irin Hausar da kakata ke yi.

Ta ce, "Gafara, ɗiyan Adamu. Ban gane ku ba. Nan wurin aiki ne, akwai haɗari. Zan kai ku inda babu abin da zai taɓa ku."

Yaya ya ɗaga kai wajen muryar. Ya ce, "Sannunku da aiki." Muryar ta ce, "Yauwa."

Na ɓamɓare hannuna, fatar tafin ta zauna a can. Injin ya juya ya fara hawan bangon ƙanƙarar ta wasu matakai da aka sassaƙa daidai ƙafarsa. Muka shiga cikin gajimare, ya lulluɓe mu, jiƙe da sanyi. Ana ta hawa. Ina naɗe hannuna da tsumma, kaina a sunkuye, sai na lura ina ganin tsumman. Ina ganin gwiwata. Wani farin haske siriri ya sauka a kan komai. Injin ya ajiye mu a hankali a kan wani dandali, ya juya ya nutse cikin gajimaren da yanzu ke ƙarƙashinmu kamar teku.

Na ɗaga kai.

Ya kai mai sauraro, idan a duniyarku ana ganin wannan kullum, ban san yadda kuke iya yin wani aiki ba. Na zaci zan ga fitilu kaɗan a warwatse. Abin da na gani sama ce cike maƙil, daga wannan gefe zuwa wancan, farare da jajaye da shuɗɗa, wasu a dunƙule wasu a jere, ga wata hanya ta farar ƙura ta raba saman biyu. Kuma ba a shafe suke kamar zane a rufi ba. Wasu na bayan wasu, wasu na bayan waɗancan, zurfin ba shi da ƙasa. Na ji kamar zan faɗa sama. Na durƙusa na riƙe tayar amalanke.

Yaya ya ce, "Kin yi shiru."

Na ce, "Suna nan, Yaya."

Ya ɗaga fuska, ya juya ta ko'ina, idanunsa a buɗe. Ya daɗe. Sannan ya ce a hankali, "Ba na ganin komai."

Na kwance bargon Barmani da hannu ɗaya da haƙori. Shi ya kafa ƙafafun madubin da lalube, don ya san kowace ƙusa tasa. Na nemi tauraron da ya fi kowane haske, wani fari mai shuɗi-shuɗi, na saita shi a tsakiyar gilashi. Na kama kansa na kai idonsa na dama bakin madubin, don shi ne mai sauran gani.

Ya murɗa, ya sake murɗawa. Iska ta kwanta. Ina ta roƙon Allah a raina, ban ma san da wace kalma ba.

Ya ce, "Tsaya." Ko da yake ban motsa ba. "Tsaya. Ga shi nan."

Na ce, "Ka gan shi?"

Ya ce, "Yana rawa, Tabawa. Babu littafin da ya gaya mini yadda rawar take." Hawaye ya gangaro masa ya daskare a gemu. "Subhanallahi. Rana ce guda, can da nisa, ga ta kamar ƙwayar gero."

Na saita masa wani ja, ya gan shi da ƙyar. Na saita wani, bai gani ba. Muka koma kan na farko, ya zauna da shi har sanyi ya fara kashe mana ƙafafu. Ya ce in faɗa masa sauran, na yi ta faɗa iyakar iyawata, yana gyaɗa kai. Ya tambaye ni ko ina jin wanne ne wanda kakanninmu suka baro. Na ce ban sani ba, sun yi yawa. Ya ce, "Ba komai. Yana cikinsu." Muka yi taimama a jikin wani dutse da ya leƙo daga ƙanƙara, muka yi salla a wurin, shi a gaba ni a baya.

Komowa ba ta yi wuya ba. Daga dandalin akwai hanya mai gangara da ta bi gefen ta ƙanƙarar, iska kuma yanzu tana bayanmu. Amalanke ya yi ta gudu kamar zai tashi. Muka ratsa kwazazzabo babu fitila, akwatin Yaya na ƙaras-ƙaras, 'yan walƙiya na barci a bangonsu. Da muka fito, sai ga bakin sama ya yi ja, ga rana ta leƙo daga bayan baƙin daji, ƙatuwa, daidai fuskarmu. Na ji ɗuminta a kumatuna, na yi hamdala.

Yaya yana zaune yana fuskantarta sosai, idanunsa a buɗe. Ya ce, "Na ji ɗumi. Mun kusa fara ganin rana ne?"

Na dube shi, na dubi ranar. Kuka ya ƙwace mini. Kukan nawa ya gaya masa.

Ya shafa idanunsa da bayan hannu, ya ce, "To. Ashe a can na bar ganin." Ya juyo gare ni. "Kada ki yi kuka, ki kula da igiya."

Barmani na tsaye a ƙofar gari da muka iso, don masu gona sun hango tampol ɗinmu tun daga Fagen Gishiri. Ta zo ta kama hannunsa ta sauko da shi. Ta kalli idanunsa, ta gane. Ta gyara masa wuyan riga.

Ta ce, "Malam, ka gani?"

Ya ce, "Na gani."

Ta ce, "Da yawa?"

Ya ce, "Wanda ya ishe ni."

Ta ja shi suka nufi gida, yana ba ta labari tun kafin su kai ƙofa, mutanen gari na biye da su suna kasa kunne.

Iyakar abin da ya faru ke nan, ban rage ba, ban daɗa ba. Allah ya sa mu ga abin da muke marmarin gani tun da sauran haske a idonmu.